Mai son zaga ƙauyuka ya fara tambayar ranar kasuwa

Wani abokin aikina ya same ni a ɗakin malamai da takarda a hannu. Ya ce hutun ƙarshen shekara yana so ya ɗauki motarsa ya zaga karkarar Jigawa na sati uku, kamar yadda ya ji na taɓa yi. Ya jera garuruwa 30, kowanne da nisansa da awannin da wayarsa ta ce za a ci kafin a isa. Na karanta har ƙasa, na ce masa: "Malam, takardar nan ta yi kyau, amma ban ga ranar kasuwa ko ɗaya a ciki ba."

Ra'ayina a kan irin wannan tafiya ke nan. Ranar kasuwa ita ce ginshiƙin shiri, sauran abubuwa a kanta ake ɗora su. Ka shiga Maigatari ranar Talata, za ka ga gari ne na bakin iyaka, shiru, rumfuna babu kowa, ka wuce kana cewa ka san Maigatari. Ka dawo ranar Alhamis ka ga wani gari dabam. Tun da hantsi kara ta cika da shanu da raƙuma da tumaki, yawancinsu daga Nijar aka koro su, manyan motoci sun yi layi suna lodin dabbobin da za a kai Kudu. Na tsaya kusa da wani dillali ina kallon yadda yake buɗe bakin sa ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya ja mai dabba gefe su yi ƙus-ƙus, sannan ya dawo wajen mai saye. A gefe guda ga buhunan zoɓo da riɗi, ga Buzu da rawaninsa yana haɗa shayi a 'yar ƙaramar buta. A wuni ɗaya na ji Hausar Damagaram da ta Gumel, na ji Fulatanci da Barbarci, abin da ban taɓa ji a wuri guda ba duk zamana a Kano.

Da na yi tawa tafiyar, haka na ƙulla ta. Na fita ranar Juma'a don in riski kasuwar shanu ta Wudil. Daga nan na gangara Birnin Kudu na ga zanen shanun da mutanen zamanin da suka yi a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, na bi ta Dutse, na daidaita Lahadi ta same ni a Gujungu. Alhamis ta biyu na ajiye wa Maigatari, Lahadin ƙarshe kuma Mai'aduwa, in kwana Daura in sha ruwan Kusugu in dawo gida. Ranaku huɗu kawai na ɗaure. Sauran na bar su a sake, kuma a cikinsu ne na sami abin da har yau nake ba 'ya'yana labari.

Lokacin fita ba abin wasa ba ne. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a yankin Ringim da Auyo da Haɗeja ya san abin da damina ke yi wa hanyoyin wannan ƙasa. Daga Nuwamba zuwa Janairu ya fi: an gama kaka, rumbu ya cika, mutane na da sukunin zama da baƙo, ga sanyin hunturu. A lokacin ne kuma tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai suke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru. Na kwana uku a wajen Baturiya saboda su, ina shiga kwale-kwale da asuba. Masuncin da ke tuƙa ni bai damu da tsuntsaye ba, kacala ce damuwarsa, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki. Ya ce tun da aka datse ruwa a sama, a Tiga da Challawa, kogin bai koma yadda iyayensu suka san shi ba. An kammala madatsar Tiga a 1974, mu a Kano muna cin shinkafar Kura da Kadawa da ruwanta, amma sai da na zauna a kwale-kwalen mutumin nan na san wanda yake biyan wani ɓangare na kuɗin.

Batun mota ba ya buƙatar dogon bayani. A kai ta wajen bakanike tun sati biyu kafin tafiya, a sami safaya mai kyau da jak da igiya da shebur, domin inda kwalta ta ƙare burji ne, inda burji ya ƙare kuma rairayi ne. A riƙe kuɗi a hannu, ƙananan canji, don akwai ƙauyen da mai POS ɗinsa sai ya hau tudu yake samun sabis. Mai kuwa, wanda lita ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Duk gidan man da ka gani a babban gari ka cika tanki, kada ka dogara da 'yan bumburutu.

Abin da ya fi shebur amfani shi ne sallama. Wata rana da la'asar motata ta kafe a yashi a wata hanya tsakanin Gumel da Ɓaɓura. Samari suka fito daga gona suka tura ta, suka ƙi karɓar ko sisi, ɗaya daga cikinsu ya ce ba a wuce garinsu da magariba, sai na gaisa da maigari. Na cire takalmi a ƙofar zaure, na durƙusa na ce: "Ranka ya daɗe, baƙo ne daga Kano." Ya ce: "Malam, lafiya dai? Aikin gwamnati ne?" Na ce a'a, ganin ƙasa kawai na fito. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura a ƙwarya da ludayi. Na miƙa ɗan goron da na riƙo. A zauren na kwana. Da safe shi ya gaya mini hanyar da zan bi da wadda zan kauce wa, ya haɗa ni da yaro a kan babur ya raka ni har bakin titi. Tun daga ranar ban ƙara shiga ƙauye na fara ɗaukar hoto ba sai na je wajen dagaci ko mai unguwa na faɗi ko ni wane ne.

Na san abin da mai karatu zai ce: tsaro fa? Gaskiya ne, kuma ba zan rufe ta ba. Akwai yankunan Zamfara da yammacin Katsina da dajin Birnin Gwari da ba zan shawarci kowa ya shiga yawon buɗe ido ba a halin da ake ciki, domin mazauna wurin ma da kyar suke zuwa gonakinsu. Shi ya sa na zaɓi Jigawa da gefen Daura. Ko a can ban taɓa tuƙi bayan magariba ba, kuma kowace safiya sai na tsaya a tasha na tambayi direbobin haya labarin hanya, don su ne suka bi ta jiya. Amma yana damuna ƙwarai a ce tsoron wasu dazuzzuka ya sa mun yafe karkara baki ɗaya. Da yawanmu a birni ba ma zuwa ƙauye sai gaisuwar mutuwa ko ɗaurin aure, mu iso da hantsi mu juya kafin la'asar. Muna da yaran da suka san titunan Makka da Dubai a waya, ba su taɓa ganin yadda ake sussukar gero ba, alhali kakanninsu daga can suka fito.

Abokin aikina ya karɓi takardarsa ya soke garuruwa 18, ya rubuta Alhamis a gaban Maigatari. Kai ma mai karatu, in Allah ya hore maka mota da hutu a hunturun bana, ka ɗauki ɗanka ɗaya ko biyu, ka sayi goro, ka tambayi ranar kasuwar garin kakanninka, ka fara daga can.