MAI ESI YA SAMI DABARA, TALAKAN BOMO FA?

Wata sabuwar dabara ta shigo Zariya, har ta zama abin hira tsakanin masu hali a Samaru da Sabon Gari. 'Yar na'ura ce wadda ba ta fi ƙaramin littafi girma ba, masu gyaran wuta suna kiranta sof-sitata. Ana ɗaura ta a jikin na'urar sanyaya ɗaki, watau esi, domin matsakaicin janareto ya iya ta da ita in an ɗauke wuta. Ana ta yabonta kamar an gano maganin sauro. To, mu ba mu da faɗa da ƙarfe. Faɗanmu da waɗanda suka bar ƙasa cikin duhu ne, har irin wannan abu ya zama abin murna.

Bari mu fara bayyana aikinta, kada a ce muna sukar abin da ba mu sani ba. A cikin kowace esi akwai wani inji mai matse iskar sanyi, shi ake kira kwampireso. In ya riga ya kama gudu, cinsa da sauƙi: esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi ba ta wuce wajen wat 1,200. Wahalar tana wurin tashi. A cikin ƙiftawar ido ta farko yakan fizgi wuta ninki biyar ko shida na abin da yake ci yana gudu, kamar yadda mai tura amalanke ya fi shan wuya a turin farko. Wannan fizga ita ke sa janareto ya yi gurnani, fitilu su dushe, inji ya mutu. Sof-sitata sai ta riƙa sakar wa kwampireso wuta kaɗan-kaɗan har ya miƙe, ta rage fizgar da rabi ko fiye. Shi ke nan, janareto mai wat 2,500 ko 3,000 ya ɗauki abin da a dā sai babbansa. Sababbin esi masu inbata ma ba su bukatarta, gama da kansu suke tashi a hankali.

Dabara ce ta gaske, ba mu musa ba. Amma ga abin da mai talla ba ya faɗi: tana rage fizgar tashi ne kaɗai, ba ta rage shan mai ko da cokali ɗaya. Ku ɗauko alli mu yi lissafi. Irin wannan janareto yakan sha kusan lita guda a awa. Daren awa takwas, lita takwas ke nan. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa, har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. A kan wannan farashi, barcin dare ɗaya naira 8,000, na wata guda naira 240,000. Mafi ƙanƙantar albashi kuwa, wanda aka sa wa hannu a 2024, naira 70,000 ne. Watau sai masinja ya haɗa albashin wata uku da ɗoriya kafin ya sayi sanyin ɗaki guda na wata guda. Ashe wannan dabara ba ta talaka ba ce.

Yanzu ku fito daga Samaru ku nufi Bomo, tafiyar da ba ta gajiyar da mai keke. Mutanen nan manoma ne da leburori da masu gadi da masu shara, da yawansu da guminsu ake tafiyar da Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a maƙwabtansu tun 1962. In bazara ta tsaya a watan Maris da Afrilu, zafi ya doshi digiri 40, lokacin da sanƙarau ke yawo, su ba sanyin esi suke nema ba. Bukatarsu fanka ta juya a kan jariri, injin niƙa ya tashi, famfon burtsatse ya kawo ruwa, firjin ɗakin shan magani ya riƙe allurar rigakafi, tela da mai walda su yi aikin yini. Wane ƙarfe za a ɗaura musu su kuma?

Ba yau aka fara yi mana alkawari ba. An gama madatsar Kainji a 1968, aka ce duhu ya ƙare. Aka ƙara ta Jebba a 1985, da ta Shiroro a 1990. Suna kuwa an canja shi kamar riga: NEPA a 1972, PHCN a 2005, sa'an nan a 2013 aka yanka ta gunduwa-gunduwa aka sayar wa 'yan kasuwa, aka ce ai yanzu za ku ga aiki. Tashar megawat 215 ta Kudenda a Kaduna an ba da kwangilarta a 2009, aka shekara goma ana jiran haskenta. Zancen Mambila kuwa, waɗanda suka fara jinsa suna samari yau jikoki gare su. Bayan duk wannan, ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ta daɗe tana rarraba megawat dubu huɗu zuwa biyar, abin da bai ishi babban birni guda ba a ƙasashen da suka san ciwon kansu. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa mutum miliyan 85 a Nijeriya ba su da wutar lantarki sam.

Da abin ya gagara gyaruwa, sai aka koma rabon 'yan uba. Aka kasa jama'a rukuni biyar. 'Yan rukunin A aka yi musu alkawarin awa 20 a rana, 'yan rukunin E awa huɗu. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni. Ma'anar wannan a fili take: wuta ta bi mai kuɗi, duhu ya bi talaka. Kuma ko masu ƙarfin ma ba su sha da daɗi ba, domin a shekarar nan hukumar jami'ar Samaru ta fito tana kuka cewa takardar kuɗin wutarta ta kai wajen naira miliyan 300 a wata. In jami'a mai cibiyar binciken makamashi tana wannan kuka, ina labarin mai shago a Muciya ko mai niƙa a Basawa?

Ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, sa'ad da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi suka kwana fiye da mako guda cikin duhu. Ƙanƙara ta yi tsada, cajin waya ya zama sai an bi layi, masu ƙananan sana'o'i suka zauna hannu rabbana. Wane babban mutum ne ya yi gumi a waɗannan darare? Babu. Kowannensu yana da injinsa a bayan gida. A 2025 ma sai muka ji an ware naira biliyan goma domin sa wa fadar shugaban ƙasa wuta mai aiki da hasken rana. Mai rabon tuwo da kansa ya ƙi cin tuwon, ya aika a dafa masa nasa daban!

Nan ne cutar take, jama'a. Muddin mai mulki da mai kuɗi da babban ma'aikaci suna da hanyar tsira ta kansu, babu mai murya da zai yi kukan wayar da ta haɗa mu duka. Kowace sabuwar dabara da ta sauƙaƙa wa mai hali zama da janareto, ta rage mutum ɗaya ke nan daga cikin masu tambaya. Talaka kuwa rabonsa ƙara da hayaƙi ta kan katanga. Hayaƙin nan kuma ba abin wasa ba ne, guba ce marar wari wadda ta sha kashe iyali guda suna barci. Duk mai inji ya ajiye shi a fili, nesa da taga, kada ya kuskura ya shigar da shi zaure ko ɗaki don tsoron ɓarawo.

Wani zai ce, mutum da kuɗinsa, laifi ne don ya nemi sanyi? Ba laifi ba ne. Mai jinya da tsoho da mai jego sun cancanci sanyi, wanda ya iya kuwa ya saya. Laifin shi ne ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya ce Allah ya kyauta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ran da mai ya gagare ka, layin da ka yi banza da shi za ka komo kana leƙe.

Saboda haka ga abin da muke nema. Na ɗaya, a sa wa kowane gida mita, a daina kawo wa mutane takardar kuɗin wutar da ba su gani ba. Na biyu, a riƙa liƙa wa kowace unguwa awowin da aka yi mata alkawari da waɗanda ta samu, a ofishin ƙaramar hukumar Sabon Gari, inda kowa zai karanta. Na uku, tun da dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon shirya wutarsu, Gwamnatin Kaduna ba ta da sauran uzuri: ta fara da hasken rana a ɗakunan shan magani da burtsatsai da kasuwanni na ƙauyuka irin su Bomo. Na huɗu, a hana sayen janareto da mansa daga baitulmali domin gidajen masu mulki. Su ɗanɗana abin da muke sha, mu ga ko gyara zai ƙara ɗaukar shekara hamsin.

Ku kuma 'yan'uwana talakawa, in mai neman ƙuri'a ya zo da atamfa da sabulu, ku tambaye shi awa nawa wuta ta yi a unguwarku jiya. In ya kasa amsawa, ku san da sanyin inji ya kwana, ku sallame shi ya koma can.