Kafin Ka Sayi Tsohon Idon Kyamara, Kunna Tocila

Wani yayi ya shigo cikin matasa masu harkar hoto da bidiyo, na neman tsofaffin idanun kyamara, irin waɗanda ake saitawa da hannu, wasunsu ma sun girmi iyayen masu sayensu. Ina goyon bayan yayin. Abin da ba na goyon baya shi ne cinikin suna, inda mutum zai ji an yabi Helios ko Takumar a YouTube, ya tura kuɗi nan take, bai riƙe abin ba, bai leƙa cikinsa ba. Ido ɗan shekara hamsin, yadda aka adana shi ya fi sunan kamfaninsa tasiri a kan hoton da zai ba ka.

Araharsu ba ta rashin inganci ba ce. A 1985 Minolta ta fito da kyamara samfurin 7000 mai saita kanta, ta sauya bakin da ake ɗaura ido a kai. A 1987 Canon ta bi sahu, ta bar bakin FD ta koma EF. Da haka ɗimbin idanu lafiyayyu suka zama marayu, suka yi shekaru a akwatuna da shagunan gwanjo. Kyamarori marasa madubi ne suka tashe su, daga Panasonic G1 ta 2008 zuwa Sony A7 ta 2013. Tazarar da ke tsakanin baki da sensa a Sony milimita 18 ce, a FD kuwa 42, a M42 mai murɗawa kusan 45 da rabi. Zoben ƙarfe kawai ake sawa, adafta, ya cike giɓin, babu gilashi a cikinsa. Mai tsohuwar Canon ta EF ya kula a nan: M42 zai hau masa lafiya, amma FD ba zai saitu a kan abu mai nisa ba sai da adafta mai gilashi, wanda ke rage kyan hoto. Shi ma M42 sai da adafta mai gilashi a kan Nikon mai madubi. Wannan kaɗai ya sa kuɗin mutane da yawa ya kwanta.

Helios 44-2 shi ne gwarzon wannan kasuwa, milimita 58, f/2, ƙirar Tarayyar Sobiyet da aka kwaikwayo daga Biotar na Carl Zeiss. An ƙera miliyoyinsa, ana haɗa shi da kyamarar Zenit, kuma ba masana'anta ɗaya ta yi shi ba: akwai na Krasnogorsk, akwai na Valdai, akwai na Minsk. Shi ya sa za ka ɗora guda biyu masu suna ɗaya a kan kyamara ɗaya, wannan ya fito tas, wancan gefensa ɗaya ya yi dishi-dishi. Abin da ake yabonsa a kai, wato yadda bayan hoto ke murɗewa ya kewaye fuskar mutum, asalinsa aibi ne na ƙira. A hoto na farko yana burgewa, amma in ka cika albam da shi sai ido ya gaji. Da aka ji Greig Fraser ya yi amfani da idanun Sobiyet a wasu sassan The Batman na 2022 da Dune kashi na biyu, sai farashi ya ɗaga kai. Ba kowa ke tuna cewa nasa an kwance su an sake musu gida ba, ga kuma rundunar masu haske a bayansa.

Ni a wurina Super-Takumar na Asahi Pentax, milimita 50, f/1.4, ya fi Helios nesa ba kusa ba wajen ƙira. Murza zoben saitinsa sau ɗaya za ka gane. Da yawansu gilashin baya ya rine ya koma ruwan ɗorawa, saboda sinadarin toriyam da aka gauraya a ciki. Tururin da yake fitarwa kaɗan ne, ko da yake ba abin kwana da shi ƙarƙashin matashi ba ne. Rinin kuwa hasken rana na rage shi in an shanya shi kwanaki, rana kuma ba ita muka rasa ba. Wannan aibi ne na neman ragi, bai kai na fasa ciniki ba.

Ga yadda nake so a riƙa yi. Buɗe ƙofar hasken gaba ɗaya, ka haska tocilar waya ta baya, ka leƙa ta gaba a karkace. Za ka ga ƙura, kar ta dame ka, kowane tsohon ido yana da ita, ɗan karce a gilashin gaba ma da wuya ya fito a hoto. Abin tsoro shi ne hazo, fari-fari shimfiɗe a gilashin ciki, wanda ke wanke kalar hoto da zarar haske ya fuskanto ka. Sai funfuna, zare-zare masu rassa da ke farowa daga gefe; in ta daɗe takan ci rufin gilashin, ko an goge tabon na nan. Kayan da suka zauna a damshin bakin teku kafin su hauro sun fi kamuwa da ita. Daga nan rufe ƙofar zuwa f/16 ka dubi ganyayyakinta: in suna sheƙin mai ko suna nawar komawa, aikin mai gyara ya taso, masu kwance irin waɗannan kuma ba a kowace kasuwa suke ba. Mai kaya zai ce maka, “Yallaɓai, ɗan datti ne, gogewa kawai yake so.” Ka ce masa ya goge ka gani.

Ba kowane tsoho ne abin nema ba. Idanun milimita 50 da 135 na wancan zamani su ne riba, domin ƙirarsu ta nuna tun tuni kuma an yi su da yawa. Tsofaffin masu zuƙowa, musamman na ƙananan kamfanoni, yawancinsu nauyi ne kawai a jaka. Masu faɗin gani kuma sukan yi laushi a kusurwoyi. A tuna ma, a kyamara mai ƙaramin sensa, milimita 58 kan koma kamar 87. A ɗakin amarya sai ka manne da bango kafin ka haɗa mutum uku a hoto ɗaya. Wajen shigowar ango da amarya, ana rawa ana liƙi, hannu ba ya cim ma mutane, mai biki kuma ba ruwansa da tarihin Zeiss. Amma a hira ta zaune, ko fim da aka tsara motsinsa, saitin hannu mai doguwar murza ya fi na zamani biyayya.

Akwai kuma lissafin da masu yayi ba sa so a yi. Kamfanonin Sin irin su TTArtisan da 7Artisans na ƙera sabbin idanu na saitin hannu da araha, babu funfuna, babu neman adafta. In ka tara kuɗin tsoho da na adafta da na aike da na gyara suka kamo kuɗin sabo, to arahar ta tafi, sai in kamannin hotonsa kake so da gangan. Wanda kuma ba makawa sai daga nesa zai saya, ya nemi bidiyon tocila da hoton bangon bulo guda biyu, ɗaya a buɗe, ɗaya a f/8, ya duba kusurwoyi huɗun. In mai kaya ya fara kame-kame, cinikin biri a sama yake so a yi, sai a nemi wani.