Shekara Goma Bayan Ibro: Inuwar Giginya, Na Nesa Ka Sha

Ranar Laraba, 10 ga Disamba, 2014, ina cikin motar haya daga Funtua zuwa Malumfashi. Mun wuce Bakori kaɗan sai wayar direba ta yi ƙara. Ya saurara, ya yi salati, ya rage gudu, sannan ya ce mana, "Ibro ya rasu." Wani dattijo da ke kusa da ni ya fara murmushi, domin jin sunan kaɗai ya isa ya sa Bahaushe murmushi. Sai da maganar ta sauka a zuciyarsa ya sunkuyar da kai. Har muka shiga Malumfashi ba wanda ya sake cewa uffan.

An haifi Rabilu Musa a Ɗanlasan da ke ƙaramar hukumar Warawa ta jihar Kano, ranar 12 ga Disamba, 1971. Ke nan ya bar duniya saura kwana biyu ya cika shekara 43. A lokacin ban ga ƙuruciyarsa ba, saboda mun daɗe da saninsa har muna yi masa kallon dattijo. Bana da ni ma na cika 43, na dubi babbar 'yata da ba ta gama sakandare ba, da autana da har yanzu sai an ɗaura masa igiyar takalmi, sai na gane cewa da rana tsaka Ibro ya tafi.

Mu da muka tashi a ƙasar noma mun san shi ne a lokacin kaka. Idan an cire auduga, an kai masara da dawa kasuwar Dandume, aljihu ya ɗan yi nauyi, sai gidajen kallo su cika. Janareto na ruri a waje, mu kuwa muna kan benci muna jiran a sa kaset. Mutumin da ya yini yana fama da gona zai yi dariya har ya riƙe ciki. Abin da ya sa ya shiga ranmu shi ne mun riga mun san shi tun a tatsuniya. Gizo ne ya sa riga da wando: talaka mai wayo, mai kwaɗayi, mai tsoro, wanda ke faɗa wa mai iko abin da mu ba mu isa mu faɗa ba, ya sha duka, gobe ya dawo. Ko manyan al'amuran duniya bai bari sun wuce shi ba. A "Ibro Usama" da "Ibro Saddam" ya ɗauko rigimar da ta girgiza Amurka da Gabas ta Tsakiya ya shigo da ita zauren Bahaushe.

Hanyar ba ta zo masa da sauƙi ba. Ya yi shekaru yana aikin ganduroba kafin ya ajiye kaki ya rungumi wasan kwaikwayo. A 2008 wata kotun tafi-da-gidanka a Kano ta yanke masa hukuncin ɗaurin wata biyu a kan fim ɗin "Ibro Aloko", lokacin da takaddama ta yi zafi tsakanin 'yan fim da Hukumar Tace Finafinai. Tsohon mai tsaron gidan yari ya koma gidan, wannan karon ta ɗaya gefen ƙofa. Ya fito ya ci gaba da ba mu dariya, har ciwon ƙoda ya kwantar da shi.

Duk wannan Ibron jama'a ne. Akwai kuma Rabilu, mijin da ake ajiye wa tuwo, uban da ake gudu a tare a ƙofar gida. Wani maƙwabcina a Funtua ne ya sa na fahimci bambancin mutanen nan biyu. Mai zanen manyan motoci ne, gwani, irin wanda zai zana zaki a bayan mota ka rantse zai yi gurnani. Ya rasu bai kai arba'in ba. Masu ta'aziyya suka yi ta yabon hannunsa. Bayan matarsa ta fita takaba, sai ta ce wa mai ɗakina, "Yaya, kowa ya zo hannunsa yake yabo. Ni kuwa abin da na rasa shi ne mai tashin yaran nan sallar asuba." Har yau ɗansa kan tsaya a bakin titi idan ya hango wata tsohuwar mota mai hoton dawisu, ya bi ta da ido sai ta ɓace.

Abin da Ibro ya bari a gidansa sirrin gidansa ne, ba hurumin wannan shafi ba. Tsarin da ya yi aiki a cikinsa kuwa kowa ya san shi. Manomi idan ya rasu yakan bar gona, a raba wa magada, su noma bana su noma baɗi. Ɗan wasa akan biya shi sau ɗaya, a wurin ɗaukar fim. Mai shiryawa ya kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, su buga su sayar. Masu satar fasaha su kwafa. Da faifai ya mutu, sai masu tura finafinai a waya suka gaje shi, kamar yadda ake gani a kowace tasha daga Funtua har Ƙafur. Yau kuma tsofaffin finafinan suna kan YouTube da Facebook, ana kallo ana tara kuɗin talla. Gonar tana nan tana ba da amfani duk shekara, amma sau da yawa ba magada ke girbe ta ba. Wannan ita ce inuwar giginya.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta kare rubutu da waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai su, ta kare fim shekara 50 daga fitowarsa. Malaman fiƙihu ma sun yi magana. A zamanta na Kuwait a 1988, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta ta. Abin da yake dukiya kuwa ana gadonsa. Idan har akwai rabon maraya a cikin fim ɗin da ake tura mana a kan kuɗin da bai kai na ƙosai ba, to ya kamata dariyar ta tsaya mana a maƙogwaro.

Ba zan ware kaina ba. Mu malaman jami'a mun duba kundaye a kan barkwancin Ibro, kamar yadda muka yi a kan waƙoƙin Shata, wanda ya zauna a nan Funtua. Ɗalibai sun sami digiri, mu mun sami ƙarin girma. Mu nawa ne muka taɓa ɗaukar kwafi ɗaya na irin wannan aiki muka kai wa iyalin mai shi, don 'ya'yansa su ga cewa abin da wasu ke kira shirme ya zama abin nazari? Ni dai ban taɓa ba. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.

Askin ba mai wuya ba ne. Masu fasahar da ke raye su daina aiki da baki, su rubuta yarjejeniya, su ajiye jerin ayyukansu da rabonsu a cikin kowanne inda iyali za su gani. MOPPAN da sauran ƙungiyoyin 'yan fim su zauna da masu tashoshin da ke haska tsofaffin finafinai, a fitar wa magada kaso sananne. Jami'o'inmu su tattara ayyukan nan tun kaset bai gama rubewa ba. Mu 'yan kallo kuma, duk wanda ke da marayun mai fasaha a unguwarsa, makaɗi ne ko magini ko mai zane, ya leƙa su ko bayan an watse daga zaman makoki, domin a lokacin ne gida ke yin shiru.

Allah Ya jiƙan Rabilu Musa, Ya gafarta masa, Ya albarkaci abin da ya bari. Ya jiƙan maƙwabcina mai zane. Mu kuma idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.