Fitar Ɗalibi Lokacin Kaka: Shaƙatawa ce ko Karatu?

Gabatarwa

Bahaushe ya kasa shekararsa gida huɗu, wato bazara da damina da kaka da rani. Daga cikinsu babu lokacin da yake ɗoki kamar kaka, wadda takan kama daga ƙarshen watan Satumba zuwa Nuwamba. A lokacin ruwa ya ɗauke, amfanin gona ya nuna, hanyoyi sun bushe, sanyin hunturu kuma bai kankama ba. A irin wannan lokaci ne ɗalibin kwaleji yakan ƙagu ƙarshen mako ko hutu ya zo, domin ya bi iyaye da 'yan'uwa gona, ko ya haɗu da abokai su hau dutse, ko su tafi kallon kokawa a wani ƙauye. Wasu iyaye da malamai suna kallon wannan fita a matsayin ɓata lokaci da gudun karatu. Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa ga ɗalibin da ake horarwa domin ya koyar da Hausa, fitar kaka wani ɓangare ne na horon da yake bukata, muddin an yi ta da manufa da kuma lura.

Gona a Matsayin Ƙamus

Harshe yana zaune ne a inda ake aiki da shi. Kalmomin noma da na tsirrai da na dabbobi suna da kaso mai tsoka a cikin Hausa, kuma kaka ce lokacin da suke fitowa a bakin jama'a. Ɗalibin da ya bi mahaifinsa gona zai ga yadda ake girbe gero da magirbi, a yanke zangarniya, a ɗaure dami, a kai rumbu. Zai ji bambancin roron wake da cirar gyaɗa, ya san harawa, ya san karmami. In ya koma gida zai tarar da mata suna sussuka da shiƙa, ya ga ƙaiƙayi da idonsa. Waɗannan kalmomi duk suna cikin littattafan da zai koyar. Malamin da bai taɓa ganin abin da suke nufi ba, sai dai ya karanta wa yara su haddace, in wani yaro ya yi tambaya kuma ya yi ta kame-kame.

Manyan ƙamusoshin Hausa ma da tafiya aka tattara su. J. M. Dalziel, likita ne da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya riƙa tambayar mutane sunayen itatuwa da ciyayi har ya fitar da littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. G. P. Bargery ya shafe shekaru yana zagaya garuruwan ƙasar Hausa kafin ƙamusunsa ya fito a 1934. Idan baƙi sun yi wannan ɗawainiya a kan harshen da ba nasu ba, abin kunya ne a ce ɗan gida mai shirin zama malami bai iya bambance kanya da ɗinya ba, ko marke da gawo. Shi gawo ma darasi ne mai zaman kansa, domin yana zubar da ganye da damina lokacin da sauran itatuwa suke kore, sa'annan ya tofo da kaka lokacin da suke shirin kaɗewa. Wanda ya tsaya a gindinsa a watan Nuwamba ba zai manta da wannan ba. Gani ya kori ji.

Haka kuma fita da abokai tana buɗe wa ɗalibi kunne game da karin harshe. A kwaleji ɗaya akan sami Bakano da Basakkwace da Bakatsine da Bazazzage. In suka ziyarci gonar ɗayansu, nan da nan za su gane cewa abin da Bakano yake kira gyaɗa, Basakkwace gujiya yake ce masa, kuma kalmar hatsi a yammacin ƙasar Hausa gero take nufi kai tsaye, alhali a Kano ta haɗa gero da dawa da sauransu. Wannan shi ne darasin karin harshe da ake rubutawa a allo, amma a nan ana koyonsa ana cin tumu.

Al'adu da Adabin Baka

Kaka lokacin wadata ce, shi ya sa yawancin wasanni da bukukuwan gargajiya suke taruwa a cikinta da bayanta. Da an kai amfani gida sai a buɗe fagen dambe da na kokawa, a ɗaura aurarraki, samari da 'yan mata su shirya kalankuwa, inda akan naɗa sarki da alƙali da sauran masu muƙamai a kwaikwayi tsarin sarauta. A Jamhuriyar Nijar kokawa ta kai matsayin gasar ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, ana ba wanda ya yi nasara takobi. Ɗalibin da ya halarci irin waɗannan wurare zai ji kirari daga bakin mai shi, ya ji take a kan kalangu ko ganga, ya ga yadda makaɗi yake zuga ɗan wasa. Littafi yana iya kawo kalmomin kirari, amma ba ya iya kawo murya da amo da sowar 'yan kallo, waɗanda su ne ran adabin baka.

A nan ne fita da iyali take da wata daraja da fita da abokai ba ta da ita. Abokai tsara ne, abin da ɗaya ya sani kusan shi ne ɗaya ya sani. Dattijo kuwa ya san dalilin da ya sa ake kiran wani fako da sunan da ake kiransa, ya san inda tsohuwar ganuwa ta bi, ya san itacen da ake jiƙa saƙesakinsa domin shawara. Tsohuwa ta san waƙar daɓe da ta niƙa da tatsuniyoyin da jikokinta ba su taɓa ji ba. Kalmar kaka a Hausa tana nufin lokacin girbi, tana kuma nufin mahaifin uba ko na uwa, kuma ɗalibi mai hankali yakan ci moriyar su biyun a tafiya guda. Wannan ilimi yana tafiya da masu shi, duk dattijon da ya rasu ba a tambaye shi ba, an yi asarar da ba ta da mayi.

Wuraren Tarihi da na Halitta

Ba sai an yi doguwar tafiya ba. Ɗalibin da ke Kano yana da Dutsen Dala, inda tarihin Barbushe da Tsumburbura ya faro, kuma daga samansa ana hango tsohon birni da ragowar ganuwa. Na Zariya yana da Dutsen Kufena, na Katsina yana da Hasumiyar Gobarau, na Daura yana da Rijiyar Kusugu. Wanda ya sami hali yana iya kaiwa Yankari a Jihar Bauchi, wadda aka keɓe domin namun daji a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, inda ake da giwaye da gwaggon biri da kuma ruwan ɗumi na Wikki. A dausayin Haɗeja da Nguru kuwa, ƙarshen kaka ne tsuntsaye masu ƙaura suke fara isowa daga Turai, suna gudun sanyin can. Malamin da ya taɓa ganin waɗannan wurare, in ya zo koyar da tarihin Bayajida ko rubutun siffantawa, daga abin da ya gani zai yi magana, kuma yara suna gane bambancin.

Hujjojin Masu Suka

Masu adawa da wannan fita suna da hujjoji da bai kamata a yi watsi da su ba. Ta farko ita ce tsaro. A shekarun da suka biyo bayan 2011, hare-haren 'yan bindiga da satar mutane sun addabi sassan Zamfara da Katsina da Kaduna da Sakkwato da Neja, har ta kai a wasu ƙauyuka sai manomi ya biya kuɗi kafin a bar shi ya girbe gonarsa. Babu wani darasi da ya kai ran mutum. Saboda haka dole a nemi labarin hanya daga mutanen wurin kafin a tashi, a guji dazuzzukan da aka san da matsala, a fita da hantsi a dawo kafin magariba. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Sai dai matsalar tsaro dalili ce ta zaɓen wuri da kyau. In aka mayar da ita dalilin kulle ɗalibai a ɗaki, za a wayi gari da malaman da ba su san ƙasarsu ba.

Ta biyu ita ce lafiya. Kaka lokacin saran maciji ne, musamman kububuwa da takan laɓe a ƙarƙashin dami da tarin harawa, kuma asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a Jihar Gombe yakan cika a lokacin aikin gona. Wanka a kududdufi yana jawo tsargiya, shiga kwale-kwalen da aka yi wa lodi fiye da kima kuma ya sha jawo asarar rayuka. Maganin waɗannan shi ne takalmi mai rufi da fitila da ruwan sha mai tsabta da kuma jin maganar na gaba.

Ta uku ita ce cewa yawo yana cinye lokacin karatu da kuɗin iyaye, wani lokaci ma ya zama hanyar shashanci. Wannan gaskiya ne idan fitar ba ta da manufa. Ɗalibin da ya hau Dala domin kawai ya ɗauki hoto da waya ya sa a Facebook, ya sauko yadda ya hau. Amma wayar nan da ta ɗauki hoto tana iya naɗar muryar tsohuwa tana waƙar daɓe, in an nemi izininta. Game da ɗalibai mata kuwa, fita tare da iyaye ko yayye ko a ƙarƙashin kulawar malamai ta wadatar. Hana su gaba ɗaya zalunci ne ga yaran da za su koyar, domin yawancin waƙoƙin mata da wasannin gaɗa mace ce za ta fi samun su daga bakin mata.

Kammalawa

Abin da ake bukata kaɗan ne. Ɗalibi ya fita da ɗan littafi da alƙalami, ya sa wa kansa ƙa'idar dawowa da sababbin kalmomi ko da 20 ne, da karin magana ko tatsuniya ɗaya, tare da sunan garin da ya ji su. In ya dawo ya duba su a Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, abin da bai samu a ciki ba ya kai wa malaminsa. Sassan Hausa na kwalejoji su ma ya dace su riƙa karɓar irin wannan aiki a matsayin jinga mai maki, domin ɗalibi ya san wahalarsa ba ta faɗi ƙasa banza ba. Manomi yakan auna kakarsa da yawan damin da ya kai rumbu. Ɗalibin Hausa shi ma yana da abin da zai auna tasa kakar da shi, wato abin da ya ji da abin da ya gani ya rubuta, wanda zai ɗebo ya ba yara ranar da ya tsaya a gaban aji.