Mugambo Daban, Amrish Puri Daban

Akwai wata ɗabi'a a zangonninmu da ta cancanci mu yi wa kanmu faɗa a kanta. Da zarar an ambaci ɗan wasan da ya saba fitowa a mugu, sai ka ji dattijo mai furfura yana cewa ai duk wanda ya iya kwaikwayon mugunta haka, da ma tana cikin jininsa. Wannan zato ne, kuma tun muna gaban allo aka koya mana hatsarin zato. Abin ya kai wasu iyaye suna hana 'ya'yansu fitowa a bos a wasan kwaikwayon makaranta, wai kada sunan ya bi su har gidan surukai.

To, mu duba Amrish Puri, wanda yawancinmu muka sani da Mugambo tun fim ɗin Mr. India na 1987. An haife shi a Punjab a 1932. Da ƙuruciyarsa ya je gwajin shiga fim bai samu karɓuwa ba, sai ya kama aiki a ofishin inshorar ma'aikata na gwamnati. Da rana yana kan tebur, da dare yana wasan dandali, haka ya daure shekara da shekaru. Sai da ya doshi arba'in kafin ƙofar fim ta buɗe masa. Ina mugunta a cikin wannan haƙuri? Muryar nan mai kama da tsawa da idon nan da ke sa yara ɓuya bayan iyayensu, sana'a ce da aka koya da gumi.

Masu wancan zato su ba mu amsa. A 1984 Steven Spielberg ya sa shi a Mola Ram, matsafi mai cire zuciyar mutane, a fim ɗin Indiana Jones. A 1995 kuma, a Dilwale Dulhania Le Jayenge, shi ne uba mai tsanani wanda ya saki hannun 'yarsa a tashar jirgin ƙasa, mata suka yi ta share hawaye. Wanne ne a cikin jininsa, matsafin ko uban?

Mu da muka tashi da tatsuniya bai kamata wannan ya rikita mu ba. Kaka ce ke kumbura murya ta yi Dodo, ba wanda ya taɓa gudun tuwonta saboda haka. Cire Dodo, ka ga ko yaro zai jira ƙarshen labari.

Ko a Indiya ma ba a gama biyansa haƙƙinsa ba. Ya rasu a Mumbai ran 12 ga Janairun 2005, bayan fina-finai sama da 400. Sau uku ya karɓi kyautar Filmfare ta mataimakin jarumi, amma ta gwanin mugaye ba ta taɓa zuwa hannunsa ba.

Saboda haka yaron da malaminsa ya zaɓa ya fito a bos a wasan ƙarshen shekara, a ƙyale shi ya yi, kuma ubansa ya je ya zauna a sahun gaba.