Waiwaye Adon Tafiya: Kakar Fatsata Ta Ƙarshe a Alau

'Yan uwana Hausawan Yerwa, na Hausari da na Gwange da na Bulunkutu, har da waɗanda neman abinci ya kai su Monguno ko Gamborun Ngala. Kwana biyu kun ji ni shiru, wallahi hidimar rumfar Baba ce ta sha mini kai.

Shekaranjiya ina kwashe tarkace a ɗakin ajiyarmu sai na ci karo da wani tsohon gwangwanin madara, duk ya yi tsatsa, busasshen taɓo ya cika shi. Da na zazzage sai ga ƙugiyoyi guda shida da wani cokalin shayi mai huji biyu. Iyakar abin da ambaliyar ranar 10 ga Satumba, 2024 ta bar mini ke nan daga kayan fatsata, ranar da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Gwange da Kasuwar Monde har ya shiga fadar Shehu. Mutane sun rasa rayuka da gidaje, don haka ba zan zauna ina kukan sandar fatsa ba. Amma ganin cokalin nan ya tuno mini kakar da na yi a bakin ruwan Alau, daga Oktoban 2023 zuwa kamawar azumi a Maris ɗin 2024, da kuma wata magana da ta daɗe tana cina a rai wadda nake ganin ta shafe mu duka.

Ga wanda bai san wurin ba, Alau tana kan kogin Ngadda ne, kimanin kilomita 20 daga cikin gari ta hanyar Bama. An gina madatsar a tsakiyar shekarun 1980 domin ruwan sha da noman rani. Tunda an hana babur a garin nan tun 2011, ni da wani abokina motar 'yan lambu muke bi duk ranar Lahadi da safe, mu kuma tabbatar mun juyo kafin la'asar ta yi sanyi, domin kowa ya san ba wurin kai dare ba ne.

To bari mu fara da koto, tunda duk inda 'yan fatsa biyu suka haɗu nan gardama take farawa.

Tana ita ce uwa ma ba da mama. A gefen lambunan tumatir muke tono ta inda ƙasa ke da laima, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Karfasa na sonta, kurungu na sonta, tarwaɗa ma ba ta wuce ta. Aibinta ɗaya, ba ta zaɓe. Kifin da bai kai yatsa ba shi ne zai riga kowa zuwa, ya yi ta tsattsagarta har ya bar maka ƙugiya tsirara.

Sai fara. Mu 'yan Maiduguri mun san ta da yaji a cikin leda, to kifi ma ya san daɗinta, sai dai shi ɗanya yake so. Idan ka soke ta ta baya ka bar ta tana motsi a saman ruwa kusa da ciyawa, za ka ji an fizga kamar da faɗa. A watan Nuwamba, kafin hunturu ya kankama, fara ta fi kowane koto kawo mini kifi.

Hanjin kaza da sabulun wanki kuwa na tarwaɗa ne, domin ita da wari take farauta, da waɗannan gashin bakin nata, ba da ido ba. Ranar da aka fara ce mini kifi na cin sabulu na ɗauka zolaya ce, sai da na ga masunta suna yanka shi ƙanana suna jerawa a ƙugiyoyi. Da sanyi ya tsananta a Disamba da Janairu, kifi ya lafe a ƙasa ya daina ci da sassafe, sai hantsi ya dubi ludayi sannan hanji yake fara aiki.

Akwai kuma wani kifin roba ƙirar Rapala da ɗan baffana ya tsinto mini a gwanjo a Kano. Kamfanin na ƙasar Finland ne, kuma wanda ya kafa shi, Lauri Rapala, masunci ne talaka da ya sassaƙa na farko da hannunsa a 1936. Abu ne mai kyan gani, yana rausaya a ruwa kamar kifin da ya ji ciwo. Ranar da na fito da shi yara suka kewaye ni kamar na zo da biri. Wata uku ina jifa, ban kamo komai da shi ba sai ciyawa, ƙarshe ya maƙale a wani kututture a ƙarƙashin ruwa, na yi masa sallama.

Amma wanda na fi ƙauna duk cikinsu shi ne cokalin nan. Na Inna ne, na sace shi a kwando, na kai wa maƙeri ya yanke mariƙin ya huda shi gaba da baya, na ɗaura ƙugiya mai baki uku. Idan ana jansa yana juyawa yana walƙiya. Kaf kakar nan tarwaɗa biyu kacal ya kawo mini. To me ya sa na fi sonsa? Saboda ƙaramin kifi ba ya kula shi. Duk abin da ya kai wa cokali hari, mafarauci ne mai baki. Ni kuwa gaskiyar magana ba karfasa ce ta kai ni Alau ba, giwan ruwa nake nema.

Kada ku yi dariya tukuna. Kakana daga ƙasar Kabi ya taso a shekarun 1960 ya bi kifi har Baga, kamar yadda kakannin da yawa daga cikinku suka yi. A lokacin faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000. Mun tashi muna jin labarin giwan ruwan da sai ƙarti biyu sun rataya shi a sanda, wutsiyarsa na jan ƙasa. Ba ƙarya ba ne, kifi ne da kan kai kusan mita 2, nauyinsa ya doshi kilo 200. Fari na shekarun 1970 ya raba tafkin gida biyu, zuwa tsakiyar shekarun 1980 ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100, duk da cewa daga baya ya ɗan farfaɗo. Giwan ruwa kifi ne mai son buɗaɗɗen ruwa mai wadatar iska, da tafkin ya koma fadama da ciyayi sai ya ja baya, tarwaɗa da karfasa da bargi suka gaje wurin. Ni da aka haifa a gidan fataken kifi, ban taɓa ganin ƙaton giwan ruwa da ransa ba.

Sau ɗaya na zaci Allah Ya kawo. Wata Lahadi a Fabrairu na sa ɗan karfasa mai rai a babbar ƙugiya, ina zaune ina cin rake sai sanda ta lanƙwashe. Na riƙe, aka ja, na ja, zuciyata kamar ta faso ƙirji, can sai na ji sakayau. Da na jawo, ƙugiyar ta miƙe kamar allura. Wani dattijo Bakabe da ke gyaran raga kusa da mu, wanda muke kira Kawu, ya dube ni ya ce, “Ɗana, tarwaɗa ce ta girma. Da giwa ne da ka gan shi, tsalle yake yi ya girgiza kai. Kuma wa zai bar shi ya girma a nan?”

Wannan tambaya ta Kawu ita ce ta kawo ni ga abin da nake son faɗi.

A ranar, kafin mu taso, na ga an jawo wata raga a gaɓa. Gidan sauro ne aka ɗinke guda uku. Abin da ya fito ciki 'ya'yan karfasa ne da na tarwaɗa, wasu ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba, aka juye su a ƙasa aka shanya. Na tsaya ina lissafi a raina, kowane ɗaya daga cikinsu da an bar shi shekara guda da ya cika faranti. Mu muna can muna gardamar tana ko fara, ashe matsalar ba ta koto ba ce. Babban kifi ne babu, saboda mun cinye shi tun yana jariri.

Kuma ba wai babu doka ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato kimanin inci 3, in ban da wasu keɓantattu, ta kuma hana guba da nakiya. Amma ku da kuka san bakin ruwa kun san raga mai yatsa ɗaya ta fi yawa, kun kuma san yadda ake jera gurar Mali a yi dumba a datse hanyar kifi gaba ɗaya, babba da yaro babu mai wucewa.

Na taɓa gani a intanet cewa a Amurka da Kanada akwai wani kifi mai suna maski, dogo mai haƙora, wanda saboda wuyar kamunsa suke masa kirari da kifin jifa dubu goma. A jihar Minesota ba a yarda ka tafi da shi gida ba sai ya kai inci 54, mafi yawansu ma hoto kawai suke ɗauka su mayar da shi ruwa. Na san abin da za ku ce, waɗannan ƙoshi ne ya yi musu yawa. Na yarda. Ni ma ba zan ce wa wanda ya baro Baga da ƙafa a Janairun 2015, yake ciyar da 'ya'ya takwas da raga ɗaya, ya saki kifi don a ɗauki hoto ba. Ni fatsa nishaɗi ce a wurina, ko na kamo ko ban kamo ba akwai tuwo a gida. Shi kuwa in bai kamo ba an kwana da yunwa.

To amma ba sai mun je Amurka aron hankali ba, muna da namu a gida. A Argungu, wurin da ake kira Matan Fada a rufe yake, ba a su a cikinsa sai ranar biki, kuma Sarkin Ruwa ne ke tsare da wannan ƙa'ida. Shi ya sa a bikin 2020 aka fito da kifi mai kilo 78. Kakanninmu da suka zo Borno daga can suka zo, sun san wannan ilmi. Me ya sa da muka zo nan muka ajiye shi?

Ni a ganina amsar tana cikin karin maganar nan da muke yawan faɗi, baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Har yanzu a zuciyarmu muna ɗaukar kanmu raɓa. Shekara sittin muna nan, an haife mu a nan, mun binne iyaye a maƙabartar Gwange, wasunmu Barbarci ya fi zama a bakinsu fiye da Hausar Kabi, amma idan aka zo maganar ruwa sai mu yi kamar masu cin rani, a kwashe abin da aka samu kafin a koma gida. Wane gida? Ni dai sau biyu na taɓa zuwa Argungu, kuma can ma ɗan Borno suke ce mini. Idan Barebari suka ce mana Afuno mukan ji wani iri, mu ce ai mu ma 'yan gari ne. To ɗan gari shi ne wanda yake tunanin abin da jikansa zai kama. Ba mu kaɗai ke su a ruwayen nan ba, akwai Barebari da Buduma da sauransu, amma kowa ya san hannunmu ya yi tsawo a sana'ar, tun daga jirgi har zuwa kwali.

Kuma laifin bai tsaya kan masunci ba, ya biyo har rumfarmu. Baba fataucin banda yake yi a Tashar Baga, daga nan ake loda kwalaye zuwa Anaca da Inugu da Legas. Wata rana muna ɗaure kwali na ce masa, “Baba, waɗannan ƙananan da muke saye, ba mu ne muke sa a ci gaba da kama su ba?” Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, “Idan na ƙi saye, na kusa da ni zai saya, kai kuma da me zan ciyar da kai?” Ban iya ba shi amsa ba a ranar, kuma ban ga laifinsa ba. Amma maganarsa ta nuna mini inda gyaran yake. Mutum ɗaya ba zai iya ba, sai an haɗu.

Don haka ga roƙona. Shugabannin 'yan kifi na kasuwa su zauna su tsayar da girman da ba za a saya ƙasa da shi ba, kowa ya sa hannu, wanda ya karya a ci shi tara, kamar yadda suke yi a kan sauran al'amuran kasuwa. Idan babu mai saye, gidan sauro zai koma kan gado. Sarakunan ruwa namu su haɗa kai da bulamomi da lawanai na garuruwan bakin ruwa a ware wani lungu da za a rufe lokacin da kifi ke zuba ƙwai da damina. Masu hali a cikinmu, masu ba masunta jari, su riƙa ba da raga mai manyan idanu maimakon kuɗi tsaba. Mu kuma 'yan fatsar Lahadi, da ba mu da uzurin yunwa, duk kifin da bai kai tafin hannu ba mu cire ƙugiya a hankali mu mayar da shi. Ni kaina na soya irinsu da yawa a kakar nan, Allah Ya yafe mini.

A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da Naira biliyan 80 domin sake gina madatsar Alau. Aikin gwamnati ke nan, ta tare ruwa. Abin da zai rayu a cikin ruwan kuwa yana hannunmu, kuma idan muka koma masa da halinmu na da, shekara kaɗan za mu sake komawa gardamar koto a kan kifin da bai kai yatsa ba.

Cokalin dai na goge shi da toka ya dawo yana walƙiya. Inna ta gan shi ta gane kayanta, ta ce in ba don ruwa ya ci sauran 'yan uwansa ba da sai na biya. Na rataye shi a ƙusa a rumfa, ina jiran ranar da zan sake jefa shi. Wanda yake da wani koton da ya fi nawa, ko dattijon da ya taɓa kama giwan ruwa da hannunsa a Doro, don Allah ya biyo ta Tashar Baga ya ba ni labari, shayi a wuyana.

Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya mayar wa kowa da alheri, Ya zaunar mana da Borno lafiya. Wassalam.

Naku,
Ɗan mai banda, daga Gwange, Maiduguri.