Ina Ya Kamata Bagade Ya Tsaya?

A tsohuwar al'adar Lutheran, ekklesiyar da mishan daga Denmark suka kafa a Numan tun 1913, bagade yana jingine da bango, Fasto yana ba jama'a baya lokacin addu'a. Dattawa sukan ce ai dukanmu Allah muke fuskanta tare. Gaskiya ne.

Amma a 1526 Martin Luther kansa ya rubuta cewa gara Fasto ya fuskanci jama'a, kamar yadda Yesu ya yi a Jibin Ubangiji. Duk da haka bai tilasta wa kowa ba, ya ce a jira lokaci.

Mu ma a Kudan ra'ayinmu ke nan. A jawo teburin gaba domin na baya su ga gurasa, su ji kalmomin. Amma a nemi yardar dattawa tukuna, kada teburin da ya haɗa mu ya raba mu.